Irin Duman Ba Mele

Na san abin da Ya Bintu, yayar mahaifiyarku, ta gaya muku tun kuna ƙanana: wai na sayar wa mutanen ƙetaren kogi irin duman kakanku, na sayi rigar kaki da takalmi, na tafi Maine na zama ɗan gwamnati. Ta faɗa muku a bakin murhu, ta faɗa a gidan biki, ta faɗa a gidan makoki, har ta koma ga Allah ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa musa mata ba, don musu da Ya Bintu aikin yini guda ne, ni kuwa shanun mutane na jirana. Yanzu da tsufa ya cim mini nake so in rubuta yadda abin ya kasance. Ban sayar da komai ba. Rigar kakin ma ba ni aka yi, kuma ta yi mini yawa. Abin da na yi daban ne, kuma ba na jin ya fi wanda ta faɗa kyau.

Diffa ta wancan lokaci ba wannan da kuka sani ba ce. Ƙauye ne na zana da bukkoki, kumandan, Baturen mulki, yana can nesa, mu dai kogi ne abin da muke da shi. Komadugu ba ya zama da mu duk shekara. Yakan iso bayan an yi shuka, ya yi ta cika har tsakiyar sanyi, sa'an nan ya janye ya bar rairayi, jaki ma ya ƙetare da ƙafarsa. A watannin da yake cike, duk mai zuwa kasuwar Damasak da tattasai ko busasshen kifi ko shanu, sai ya bi ta hannun mai fito. Mai fiton mashiginmu shi ne kakanku, Ba Mele. Ni baƙo ne a wurin. Na zo daga wajen Damagaram cikin ayarin fatake, zazzaɓi ya kwantar da ni, ayari ya wuce ya bar ni, Ba Mele ya sa aka yi jinyata a zaurensa. Da na warke ban tafi ba. Ya koya mini iyo ina da gemuna, mata masu wanki na kallo suna dariya, bayan shekara huɗu ya ba ni 'yarsa Falmata. Bai taɓa kirana Habu ba. Afuno yake ce mini, wato Bahaushe a bakin Barebari, kuma idan ya faɗa za ka ji kamar ɗan da ya haifa yake kira.

Ba mu da jirgin katako. Da gora ake fito. Akan ɗaure manyan goruna biyu a bakin doguwar sanda, mai fito ya hau tsakiya ya yi ta tuƙi da hannuwa. Idan kaya ne masu nauyi ko tsofaffi, sai a haɗa sanduna uku ko huɗu a shimfiɗa kara a kai. Duk mashigan kogin haka ake yi, amma gorunan Ba Mele babu irinsu. Namiji ba ya iya rungume guda ɗaya hannuwansa su haɗu, ɓawonsu kuma ya kai kaurin ɗan yatsa. Biyu kacal sukan ɗauki buhun tattasai biyu da mai su. Shi ya sa fatake ke baro mashigan da suka fi kusa da su, su zo namu. Gora kuwa ba ya dawwama. Damina biyu ko uku, ya tsage, gyartai ya ɗinke, ya sake tsagewa, a jefar. Dole kowace shekara a shuka duma da ruwan fari, ya yi wata biyar a ƙasa, a cire, a shanya, ya zama goran baɗi. Irin yana cikin wani ɗan jallo mai marfin fata da ke rataye a ɗakin Ba Mele. Daga ubansa ya gada, uban kuma daga nasa uban. Ƙa'idarsa guda ce: rabi ake shukawa, rabi ya zauna a jallo har sai sabon iri ya ƙosa an gani da ido. Kuma wanda aka miƙa wa jallon, shi aka ba mashigin. Ba a tara mutane, ba a yin wata magana, miƙawar ita ce maganar.

A sanyin shekarar da nake ba ku labari, wani Bature ya zo da gardawa biyu, wato 'yan sandan gwamnati, da doguwar igiya. Ni na ƙetarar da bakin igiyar zuwa wancan gefe, ya rubuta wani abu a takarda, suka kafa turke, suka tafi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa za a kawo jirgin ƙarfe mai tafiya da waya, wanda zai ɗauki mota da shanu ashirin a tashi ɗaya. Wani ya ce ya gan shi a Maine an lulluɓe. Wani ya ce yana kan hanya daga Damagaram, raƙuma ke ja. Gardi ɗaya da na tambaya ya ce mini, cikin Hausarsa ta soja:

"Kai dai nemi wani aiki, abokina. In jirgi ya zo, goranka sai a yi ludayi da shi."

Na gaya wa Ba Mele. Yana zaune yana murza igiya a cinyarsa, bai ɗaga kai ba.

"Sun auna ruwa, Afuno," in ji shi. "Ruwa ya ce musu me?"

Shi ke nan abin da ya ce, ya ci gaba da murza igiyarsa. Ni kuwa tsoro ya shige ni, kuma zan faɗa ba kunya. Shi tsoho ne, ya ci zamaninsa. Ni ina da mata, ba ni da gona a ƙasar, ba ni da dangi, sana'ata ɗaya ce a duniya, ita ce kuma aka ce za a mayar ludayi.

Ba a yi wata guda ba sai ga masu allurar shanu. Shugabansu wani likitan dabbobi ne, mutumin Dahome, gajere mai tabarau, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Suna tsaye a bakin mashigi lokacin da nake ƙetarar da garken wasu Fulani. Wani bijimi ya tsorata ya juya a tsakiyar ruwa, sauran suka fara bin sa. Na sauka daga gora na kama kunnensa, ina yi masa magana da Fillanci yadda na ji masu shi suna yi, har ya daidaita. Da na fito Mushe ya sa aka kira ni, ya tambaye ni harshe nawa nake ji. Na ce Hausa da Barbarci da Fillancin fito. Ya ce irina yake nema, mai kama sa ba tare da ya karya shi ba, mai kuma iya lallashin makiyayi ya kawo garkensa.

"Aiki ne na wata-wata," ya ce, "rani da damina. Amma ba ni ke ɗauka ba. Zan aika sunanka Damagaram, takarda za ta zo kafin ruwan fari. In ta zo ka same ni a Maine."

Na ce to. Ban gaya wa kowa ba sai Falmata, ita ma sai bayan kwana uku. Ta ce in gaya wa Baba. Na ce sai takarda ta zo, don me zan ta da hankalin tsoho a kan abin da ba shi a hannu?

Kogi ya janye, bazara ta shigo. Wata safiya Ba Mele ya aiko a kira ni. A lokacin gwiwoyinsa sun riga sun hana shi zuwa ko'ina sai masallaci. Na durƙusa a bakin ƙofa, kamar yadda suruki ke yi, sai na ga jallon a gabansa. Bai haifi ɗa namiji da ya rayu ba. Akwai Kiari, ɗan ƙanensa, wanda kowa ya ɗauka shi za a ba, kuma ya girme ni a fito. Ba Mele ya turo mini jallon a kan tabarma.

"Tsohon makwancin shanu na bayan tafki, can za ka sa. Rabi, Afuno. Ka ji? Rabi."

"Na ji, Baba."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Kalma biyar sun isa. Da na ce masa ina jiran wata takarda, da ya janye jallonsa ya ba Kiari, ya yi fushi na kwana biyu, a wuce wurin. Amma a cikin ɗan lokacin da hannuna ya ɗauka kafin ya kai ga jallon, na riga na yi tunanina na gama: in na mayar, takarda kuma ba ta zo ba, na tashi ba mashigi ba allura. In na karɓa na shuka, na ɗaure kaina, don duma ba ya son a juya masa baya, sai an yi ta rage masa 'ya'ya, ana juya waɗanda aka bari, ana sa musu ciyawa a ƙarƙashi, wata biyar cur, kuma wanda ya sa iri a ƙasa ba ya barinsa ga wani. Sai na zaɓi hanya ta uku, wadda a lokacin na ɗauka wayo ce. Na karɓa, na yi godiya, na kai ɗaki na rataye. Na ce a raina takarda za ta zo kafin ruwa, in ta zo in mayar, in ba ta zo ba in shuka.

Ruwan fari ya sauka, takarda ba ta zo ba. Na ce bari a yi na biyu. Aka yi na biyu, aka yi na uku, gero ya kai gwiwa. Duk ranar kasuwa ina bakin hanya ina tambayar masu zuwa daga Maine ko an ba su saƙo. Abin da ya ba wannan wauta tawa tsawon rai shi ne kunyar surukuta. Ba Mele ba zai tambaye ni kai tsaye ba, don tambayar tana nufin bai yarda da ni ba. Ni ba zan fara ba. Ƙafarsa kuma ba ta kai shi bayan tafki. Sai ya riƙa bi ta wurin 'yarsa idan ta kai masa abinci.

"Duma ya yi yaɗo?"

"Ban je ba, Baba."

Haka take ba shi amsa, kuma gaskiya ce, ba ta je ba. Ta dawo ta same ni, ga ciki ya fara nauyi, cikinki ne Hadiza. Mahaifiyarku ba mai ɗaga murya ba ce, kun sani. Ta ajiye akushi ta ce:

"Mai gida, ka sa ni ina yi wa ubana ƙarya da gaskiya. Ko ka shuka, ko ka mayar masa da abinsa. Wane iri ne wannan da ake jiƙa shi da jira?"

Na ce ta ƙara mini mako ɗaya. Na sha faɗin mako ɗayan nan har na daina jin nauyinsa a bakina. Ya Bintu ce ta fara gano cewa akwai wani abu, don ita babu inda ƙafarta ba ta zuwa. Ta je neman ganyen miya bayan tafki, ta tarar da makwancin shanu ciyawa har ƙugu. Ba ta shiga ɗakina ta ga jallon ba, sai ta ƙarasa labarin da kanta, ta shigo gida tana tafa hannu.

"Na faɗa muku! Bahaushe ko a jirgin lahira ka sa shi sai ya tambayi nawa ake sayar da sanda. Ya kai irin ƙetare!"

Falmata ta roƙe ta kada ta gaya wa tsoho, ta kuwa yi shiru a gabansa shi kaɗai. Sauran garin duk sun ji.

Takarda ta iso gero yana fidda kai. Wani mai raƙumi ya kawo ta a naɗe cikin rawaninsa, ta jiƙe da gumi. Malamin da ya karanta mini ya ce an ɗauke ni, in kai kaina Maine cikin kwana bakwai. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, murna irin wadda ban taɓa yi ba. Sai da na shiga ɗaki na ga jallon a rataye murnar ta koma ciki. Ko a ranar akwai sauran gyara. Iri yana iya kwana shekara guda a jallo bai mutu ba. Da na mayar da shi yadda yake, asarar damina ɗaya kawai aka yi. Amma mayarwa tana nufin in durƙusa a gaban Ba Mele in ce wata biyu ke nan ina zaune a kan abin da ya ba ni, ina jiran wani ya saye ni. Na kasa. Sai na ce bari in shuka, ko ba komai a ce na shuka. Kuma da yake lokaci ya ƙure, na ga in na sa rabi kaɗan ne zai yi, in na sa duka wataƙila a sami abin nunawa. Da sassafe na ɗauki fartanya na sheme ciyawar, na juye jallon a tafin hannuna, na binne duka har ƙwayar ƙarshe. Ina sane da ƙa'idar. Muryarsa ma ina jin ta a kunnena ina binnewa.

Sa'an nan na je na yi masa sallama, na ce na sami aikin allura, Falmata za ta kula da duma kafin in dawo. Ya daɗe yana kallona.

"Yaushe ka shuka?"

"An shuka, Baba."

Bai sake tambaya ba. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, doguwa, ta Barbarci.

Aikin allura ya karɓe ni, na karɓe shi. Mun bi rugage daga Gudumariya har bakin Tafkin Cadi a kan raƙuma, ina kama shanu, ina tafinta, daga baya Mushe ya koya mini riƙe allurar da kaina, ya koya mini karatun boko a bayan kwalin magani. Da wannan aiki na ciyar da ku, da shi kuka shiga lakwal kuka yi boko, da shi na gina gidan da kuke kwana a ciki. Ban taɓa nadamar karɓarsa ba, kada wani ya ce muku na yi. A can gida kuwa ruwa ya ɗauke bayan tafiyata da mako uku. Duman ya fito ya yi yaɗo, ya fara fure, ƙasa ta bushe a ƙarƙashinsa. Mahaifiyarku ta riƙa ɗibar ruwa a tafki da tulu tana ba shi, da tsohon cikinta, safe da yamma, har ta ga ba za ta iya da duka ba, ta zaɓi gindi ɗaya ta bar sauran. Gindin nan ya riƙe ɗa guda.

Na dawo cikin sanyi, kwana biyu kafin sunanki, Hadiza, sanye da rigar da Ya Bintu ta gina labarinta a kai. Washegari Ba Mele ya ce a kawo masa duman. Falmata ta sa aka ɗauko. Bai kai rabin gorunansa ba, mace ma tana iya rungume shi. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya sa wuƙa ya raba shi biyu a hankali, ya zura hannu ya kwaso 'ya'yan. Ya riƙa matsa su ɗaya-ɗaya tsakanin yatsu. Duk ɓawo ne, ba ƙwaya, ba su samu sun ƙosa ba. Bai bar ko guda bai matsa ba, mu kuwa muna durƙushe muna kallo. Da ya gama ya kakkaɓe hannunsa.

"Kawo rabin da ke jallo," ya ce.

Na tashi na ɗauko jallon na ajiye a gabansa. Ya ɗaga, ya ji nauyinsa, bai ma buɗe ba. Na fara magana, ya ɗaga mini hannu. Ya tura wa Falmata rabin duman da ya fi zurfi.

"A kankare wannan, a yi wa jaririya wanka a ciki. Ɓawon yana da kyau." Sa'an nan ya juyo gare ni. "Sannu da hanya, Malam Habu. Yaushe za ka koma wurin aikinka?"

Daga ranar har ya rasu Malam Habu yake ce mini. In na zo hutu ya sa a shimfiɗa mini tabarma mai kyau, a yanka kaza, ya tambaye ni lafiyar Mushe da lafiyar shanu. Bai taɓa yi mini gori ba, bai taɓa ta da maganar ba, bai kuma taɓa gyara labarin Ya Bintu ba, ko da yake ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Na daɗe ina tunanin dalili. Ina jin a ganinsa gara a ce surukinsa ya sayar, don mai sayarwa ko ba komai ya san abin yana da daraja. Na so ƙwarai ya zage ni ko sau ɗaya, ya ce Afuno ka cuce ni. Bai yi ba, kuma wannan ya fi kowane zagi ciwo.

Kiari ya karɓi mashigin da tsofaffin goruna. Suka yi damina biyu, gyartai ya ɗinke su har ba wurin sa basilla. Ya samo iri daga wani mashigi, irin kowa da kowa, wanda sai an haɗa huɗu su yi aikin biyu. Fatake suka ga ba dalilin yin doguwar hanya, suka koma mashigan kusa da su. Na nemi irin Ba Mele a duk inda aiki ya kai ni a bakin kogin, shekara da shekaru, ina leƙa bayan gidajen masu fito kamar mai neman ɓataccen akuya. Ban same shi ba. Jirgin ƙarfe kuwa, wanda saboda shi na yi duk wannan, Ba Mele ya mutu bai gan shi ba. Turken da Baturen ya kafa gara ce ta cinye shi.

Ƙwaryar tana nan a ɗakin mahaifiyarku, a bayan tasoshi, an ɗinke ta wuri biyu. Ku bakwai duk a cikinta aka yi muku wanka kuna jarirai, wasunku ma sun yi wa nasu 'ya'yan. Kun sha tambaya me ya sa ba a awon hatsi da ita, ba a ba maƙwabta aro. To, ga dalilin. Idan kun zo rabon kayan ɗakin, kada ku yi gardama a kanta, ku ba 'ya'yan Kiari. Tun farko ubansu ya kamata a miƙa wa.